Sallama a Ƙofar Ɗakin Jarrabawa

Kafanchan, 6 ga Maris

Hamma Sada,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Nabila da yara. Mu nan lafiya lau. Tsohonka, Baffana, yana nan garau, sai hawan jinin nan da yake wasa da shi. In an ce ya sha magani, sai ya ce ai shekaranjiya ya sha. Mahaifiyarka Dada na gaishe ka. Innata ma ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma kai nono kasuwa, ba ta jin maganar kowa.

Imel na yi maka don na san wayarka a kulle cikin loka take yini muddin kana cikin ɗakin sabobinku, manyan kwamfutocin nan. Ni kuma ka san gidan nan, ko tari na yi a waya sai an ji a kicin.

Ka tuna sabar asibitin da nake aiki, wadda ka koya mini raba cikinta? Kwamfuta ɗaya ce mai ƙarfi, na yanka ta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya, kowane ɗaki yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Akwai na bayanan marasa lafiya, akwai na lab, akwai na kantin magani. Shekara uku ina lallaɓa ta da fanka da addu'a. To, makon jiya inbata, na'urar da ke ba ta wutar batir, ta ƙone, wuta babu, janareta ya ce bai san zancen ba. Dukkan ɗakunan suka mutu lokaci guda, ga mace kan gwiwa ana jiran sakamakon jininta. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya, amma ni ranar na ga tashin hankali.

Washegari Dakta Hellen, mai asibitin, ta kira ni. Ka san ita kowa "ka" ne a bakinta. Ta ce, "Nafisa, ni na gaji da wannan akwati naka. Za mu kwashe komai mu kai kilaud." Wato mu kama hayar wuri a manyan sabobin wani kamfani irin naku, mu riƙa shiga ta intanet. Har na fara murna, sai ta ƙarasa. Kamfanin inshorar da ke turo mana marasa lafiya ya kafa sharaɗi: duk wanda zai riƙe makullan bayanan sai mai satifiket na kula da kilaud. Ta ce, "In ba ka da shi ƙarshen Mayu, zan kawo mutum daga Jos. Ba ƙiyayya ba ne."

Hamma, aikin nan shi ne abin da nake da shi. Ina roƙonka gurbin jarrabawar satifiket ɗin da kamfaninku ke ba ku. Cibiyar da ta fi kusa a Abuja take, na ɗan gwada wa Baffa zancen, ya ce da ransa 'yar ƙaninsa ba za ta bi hanyar Kwoi zuwa Jere mai haɗarin nan don wata takarda ba. Saura in yi ta a gida, ta kyamara.

Taka,
Nafisa

Legas, 10 ga Maris

Nafisa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓin haƙori, ta warware. Ki ce wa Inna na ce ta bar kasuwar nan ta huta. Ki gaishe da Dada. Ki gaishe da Tsoho.

Dakta ta yi gaskiya, akwatin nan ya isa ritaya. Na sa sunanki a gurbina na bana. Amma ki lura da kyau: ƙarƙashin sunana aka yi miki rajista. Duk abin da ya taɓa ki a jarrabawar nan, ni ma ya taɓa ni.

Karatun ba na jin ki. Za su tambaye ki yadda ake matsar da kwamfutar ciki daga wata saba zuwa wata ba tare da an kashe ta ba, da yadda ake kwafin ajiya, da wa ke da izinin buɗe me. Duk kin yi su da hannunki. Gidanmu nake jin tsoro.

Ga yadda abin yake. Akwai mai sa ido, mutum ne zaune a wata ƙasa yana kallonki ta kyamarar laftop daga farko har ƙarshe. Ba a tashi daga kujera. Ba a magana. Ko leɓe kika motsa kina karanta tambaya, zai yi miki kashedi. Ba mai shigowa, ko da jariri ne. Bai san uzuri ba, bai san surukuta ba, bai san an kira salla ba. Da a asibiti za ki yi, amma na san ofishinki hanya ce, kowace nas ta nan take ratsawa. Ki yi a tsohon ɗakina, yana da sakata, wayar sola ma ta kai can.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba. Ki faɗa wa Tsoho da bakinki. Kada ki aika. Na san gidan nan, magana in ta bi ta baki uku, gaisuwa kawai ke isa.

Allah ya ba da sa'a.

Sada

Kafanchan, 19 ga Afrilu

Hamma,

Barka da yini. Kowa lafiya.

Ban gama jarrabawar ba. An rufe ta ina tsakiya. An shigo mini ɗaki, na tashi, na kuma yi magana. Don Allah kada ka tambaye ni ko wane ne, hannuna ba zai iya rubuta maka ba. Allon ya yi fari fat, sai ga rubutu wai za a bincika.

Tun ɗazu nake zaune a bakin gado, ko hijabi ban cire ba. Ka gaya mini abin da zan yi.

Nafisa

Kafanchan, 28 ga Afrilu

Hamma Sada,

Ina fata lafiya. Mu nan ruwa ya sauka, masu citta sun shiga gona, Inna na fama da mura.

Shirun nan naka ya fara ba ni tsoro. Na kira, wayar ta yi ta ringi. Na kira Anti Nabila, ta ce kana cikin aiki, amma muryarta ba irin ta kullum ba ce.

Hukumar jarrabawar ta rubuto. Sun ce na samu taimakon wani, sun hana ni zama kowace jarrabawarsu har shekara biyu. Na nuna wa Dakta, don ba na son ta ji a wani wuri. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "In sun cire maka wannan laifi kafin ƙarshen Mayu, zan jira ka sake rubutawa. In ba su cire ba, ba zan iya ba mai sunan sata makullin marasa lafiya ba." Ban ga laifinta ba.

Ko zagi ne ka rubuto, Hamma.

Nafisa

Legas, 3 ga Mayu

Nafisa,

Na ga saƙonninki. Muna lafiya.

Na yi shiru ne don kada in rubuta abin da zan yi da-na-sani. An kira ni ofishin manaja, aka ajiye mini rahoton a gaba. An dakatar da damata ta tura mutum, an kuma sa rahoton a fayil ɗina, ni da nake jiran ƙarin girma a bana.

Ga abin da rahoton ya ce, ba ƙari ba ragi. Kin tashi kin buɗe ƙofa da kanki. Kin ɓace daga kyamara, ana jin ki kina doguwar magana da wani namiji cikin harshen da ba su sani ba. Mutumin ya zo har gaban laftop, fuskarsa ba ta fito ba, ya sa yatsa a kan allo yana magana ƙasa-ƙasa.

Sai kuma ke kika rubuto mini cewa kada in tambaye ki ko wane ne. Me kike so in ɗauka? Wanda bai yi komai ba, ba ya ɓoye suna. Wani abokin karatunki ne? Kin ji tsoron faɗuwa ne kika kira shi? Da kin faɗi da mutuncinki, da mun sake zama mun yi bita. Na ɗora sunana a kanki don na ɗauka na san ki.

Ki faɗa mini ko wane ne, ko kuma mu bar maganar nan har abada.

Sada

Kafanchan, 4 ga Mayu

Hamma,

Gaisuwa dai ta zama dole, to ina gaishe ka.

Abokin karatu! Wallahi da a gabana ka faɗi wannan, da ka ga abin da ba ka taɓa gani ba. Kana son suna? Baffa ne. Ubanka ne. Na ƙi rubutawa ne don ban san yadda ake kai ƙarar uba wurin ɗansa ba, kai kuma ka ɗauki kunyata ka mai da ita shaidar sata.

Ka ce in faɗa masa da bakina. Na je. Ana gobe jarrabawa na same shi gindin mangwaro yana gyaran igiya. Na durƙusa, na gaishe shi, na ce gobe ina da jarrabawa a ɗaki. Fuskarsa ta washe, ya yi ta sa mini albarka. Sauran maganar kuwa ta ƙi fita. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, a cikin gidansa, in dube shi in ce kada ka zo ƙofar nan? Kai ka gwada faɗa a ranka ka ji. Sai na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Dada, Dada ta ce masa yarinya na bukatar shiru. Iyakar abin da ya isa ke nan.

Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske. Da kansa ya kora yara gidan Malam Meshak maƙwabcinmu, ya ɗaure awaki can bayan gida, ya hana daka. Gidan nan bai taɓa yin tsit irin na ranar ba. Har na ce a raina Allah ya yi mini gyaɗar dogo.

Na wuce rabi, ina kan tambayar yadda za a kwashe kwamfutocin ciki daga sabar da ke shirin mutuwa, amsar tana bakin yatsana, sai na ji sallama. Na ƙura wa allo ido. Ya sake sallama. Na cije leɓe, hawaye ya cika mini ido. A ta uku muryarsa ta canja, ya girgiza ƙofar, yana tambaya da Fulatanci ko lafiya nake. Ƙofa a kulle da rana tsaka, yarinya ta yi shiru, ya ɗauka faɗuwa na yi.

Na san dokar, Hamma. Na haddace ta. Amma ban san lokacin da na miƙe ba. Na zare sakata, na durƙusa, shi ne ɓacewar da suka ce na yi. Doguwar maganar kuwa gaisuwa ce, ka san ta Baffa, sai ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi. Sannan ya ce ya zo ne ya yi wa abin addu'a. Ya taka har gaban tebur, ya ɗora yatsa a kan allon, ya karanta, ya tofa. Ya ce, "To, ci gaba, an gama." Ya fita yana ja mini ƙofa a hankali don kada ya dame ni.

An gama ɗin kuwa.

Bai san komai ba har yanzu. Ka je ka gaya wa manajanka wannan ne ɓarawon.

Nafisa

Legas, 6 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina fata kina lafiya, ko da yake na san na hana ki ita. Ki yafe mini. Ina ganin yatsan nan nasa a idona, haka yake yi wa duk abin da aka sayo sabo a gidan nan. Ni ne ya kamata in fara ganewa.

Na bi diddigin ɗaukaka ƙara. Akwai hanya, kuma ɗaya ce. Bayaninki kaɗai ba zai wadatar ba, nawa ma haka. Hukumar tana son mutumin da ya shigo ya bayyana ta kiran bidiyo, da katin shaidarsa a hannu, ya faɗi ko shi wane ne, ya maimaita abin da ya ce. Za su ba wani mai jin harshen ya gwada da abin da kyamara ta naɗa. In ya dace, za a goge laifin, ki sake zama. Ƙofar a buɗe take har tsakiyar Yuni, amma ke ƙarshen Mayu ne naki, saboda Dakta.

Abin ba wuya. Ɗan zama ne gaban laftop, Malam Meshak zai iya fassara masa Turancin. Amma ba zai zauna ba sai an gaya masa dalili. Ki daure ki faɗa masa, Nafisa. Yau, ba gobe ba.

Sada

Kafanchan, 14 ga Mayu

Hamma Sada,

Na yafe. Muna lafiya, Inna ta warke, saniyar nan ja ta haihu.

"Abin ba wuya." Daga Legas komai ba wuya.

Bari ka ji halin da ake ciki. Baffa ya gama yanke hukunci cewa na ci. Ranar kasuwar Manchok ya tara abokansa 'yan shanu yana ba su labari, wai 'yarsa ta rubuta jarrabawar Turawa daga cikin ɗaki, shi kuma ya tofa mata. Kullum da safe in na je gaisuwa sai ya ce, "Ba su turo ba tukuna?" In ce tukuna. Ya ce, "Za su turo." Yana faɗa yana murmushi.

Sau biyu ina zuwa da niyyar faɗa. Na farko na ƙare da tambayarsa ko ya sha magani. Na biyu Inna ta tare ni a hanya, ta kama hannuna. Ta ce in na gaya wa mai hawan jini cewa shi ya jawo mini sunan ɓarauniya, in wani abu ya same shi, da wane ido za ta dubi mutanen gidan nan? Dada ma ta sani, ta ce a bar wa Allah. Yanzu duk gidan an sani, har matan da ke zuwa sayen nono, shi kaɗai ne bai sani ba.

A asibiti kuwa mutumin Jos ya iso. Sunansa Endurance, satifiket ɗinsa har uku. Ba shi da laifi, yana da ladabi ma. Ya duba yadda na tsara ɗakunan sabar, ya ce, "Sista, wa ya yi wannan? Aiki ya yi kyau." Na ce na gode, kamar wadda aka yaba wa girkin da za a ba wani. Dakta ta ce in zagaya da shi ya san wuri, ko da za a bukata.

Hamma, kai ɗansa ne, kai namiji ne, kuma kana nesa, ba sai ka kalli fuskarsa ba. Ka kira shi.

Nafisa

Legas, 21 ga Mayu

Nafisa,

Muna lafiya. Na yi jinkiri, muna kwashe sabobin wani banki ne, ba na ganin rana.

Wannan ba shi ne dalili ba, gara in faɗa miki gaskiya. Na kira shi. Sau biyu. Kin manta ni ne ɗan fari? Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama da shi mun yi magana ta wuce gaisuwa ba. Ko aurena ta bakin mahaifinki, Allah ya jiƙansa, aka yi komai. Na kira, ya ɗauka, na gaishe shi. Na tambayi shanu. Na tambayi ruwa. Ya amsa. Sai ya ce, "Ga uwarka," ya miƙa wayar. Na biyun ma haka.

Ni da na rubuto miki cewa ki faɗa da bakinki. Ina iya tsayawa gaban manyan banki in ce musu tsarinsu shirme ne, amma wannan ta fi ƙarfina. Na nemi izinin zuwa gida, an ce sai an gama aikin nan, cikin Yuni.

Ki roƙi Dakta ta ƙara mana lokaci kaɗan.

Sada

Kafanchan, 30 ga Mayu

Hamma,

Lafiya lau muke.

Na roƙe ta. Ta ce kamfanin inshora ba ya jin roƙo, ranar Litinin za a fara kwashe bayanai. Ta tambaye ni me ya hana mutumin da ya shiga ɗakin ya zo ya yi magana. Na ce mata Baffana ne. Ta ce, "To ba shi ke nan ba? Ka kawo shi mana."

Yau na miƙa wa Endurance makullai. Na zauna kusa da shi yana canja kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya canja sai in ga sunana ya fita daga wani ɗaki. Da ya zo kan na bayanan marasa lafiya sai ya ce ko zan fita in sha iska. Na ce a'a, ya ƙarasa.

Ba na jin haushinka. Mu biyu muka kasa. Na zaɓi in rasa aikin da in ga fuskar Baffa a lokacin da zai gane, kuma ko yanzu ban san ko daidai na yi ba. Zan ce masa asibitin ne ya rage ma'aikata. Kai ma haka za ka ce in an tambaye ka.

Nafisa

Kafanchan, 12 ga Yuni

Zuwa ga na Legas,

Ni Meshak maƙwabcinku nake rubutawa, babanka yana faɗa. Ya ce kada in gyara ko kalma ɗaya. Ubangiji ya kiyaye ku.

Bayan gaisuwa. Ina lafiya. Shanu lafiya, ruwa yana sauka. Tunda waɗannan ka kira ka tambaya, ga amsarsu.

Makon jiya na je asibiti awon jini. Na ce wa likitar nan ta yi haƙuri da rage ma'aikata, ta mai da yarinya, ai ta ci jarrabawa, sakamako kawai ake jira. Ta ajiye abin awon ta dube ni. Ta ce, "Baba, wane ci? Kai ne ka shiga ɗaki suka ce yarinya ya yi sata. Sun ce ka zo ka yi magana, ba ka zo ba, shi ya sa aiki ya tafi." Haka ta faɗa, a numfashi ɗaya, ta ci gaba da awonta. Ban faɗi ba. Ban mutu ba. Jinin ma ta ce da sauƙi.

Na yi kuskure, ban san dokarsu ba. Wannan ba ya kashe mutum. Abin da ya ci mini rai shi ne, na zauna a kasuwar Manchok ina buɗe baki ina yabon kaina, alhali matan gidana sun sani, masu sayen nono sun sani, kai ma ka sani. Kuna durƙusa mini, kuna kallona kamar yaron da ake ɓoye wa wuƙa. Sai baƙuwa ce ta ɗauke ni mutum ta gaya mini gaskiya.

Na sa yarinya ta kunna abin. Na zauna gabansa da katina, Meshak yana fassara. Na gaya wa matar da ke ciki sunana, na maimaita mata gaisuwar, na karanta mata addu'ar. Ta ce in sake, na sake. Abin bai kai a dafa shayi ba. Shekaranjiya suka rubuto sun goge laifin, sun ce kai ma za su sanar da wurin aikinka. Za ta sake rubutawa, a Abuja, ni zan kai ta.

Jiya na sa babbar riga na koma wurin likita da takardar. Na roƙe ta, abin da ban taɓa yi wa kowa ba a garin nan. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa. Ta ce ta riga ta sa hannu da yaron Jos na shekara biyu, an kwashe komai, ba ta da wurin mutum biyu. Ta ce, "Baba, da ka zo wancan wata."

Wancan watan ina gindin mangwaro, ba inda na je. Ka kira ni ina zaune a wurin.

Ni na koya muku kunyar nan, ban ce ba ni ba ne. Ubana ma haka ya yi da ni. Amma ban koya muku ita don yarinya marainiya ta biya da abincinta ba.

Yau da safe ta zo kamar kullum. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaishe ni, ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, har da ko na sha magani. Ko alamar fushi babu a muryarta. Na buɗe baki in amsa, abu ya ƙi fita. Ta jira, ta jira, sannan ta tashi a hankali ta tafi taya uwarta ɗaukar ƙwarya.

Har yanzu da Meshak yake rubuta maka wannan, ban amsa mata ba.

Mahaifinka